Ɗana, Kada Kalar Allo Ta Ruɗe Ka

 Na san ɗayan uku ne: ko kwamfuta tana cikin jakarka yanzu haka, ko kana tara kuɗinta, ko kuwa ka hana mahaifinka sakat da zancenta. Ke ma ƴata, kada ki ce da ɗan'uwanki kaɗai nake, kunnenki nake nema kamar nasa. Zan ba ku labarin kwamfutocin tafi-da-gidanka masu allon kala na farko da suka shigo Yamai a shekarun 1990. Mu da muka ga zuwansu mun ga tafiyarsu, kuma hanyar da suka bi ita ce wadda ke hannunka za ta bi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Kafin zuwansu, kwamfutar da ake rataya a kafaɗa allonta toka-toka ne, wasu kuma ruwan lemo. A 1989 kamfanin NEC na Japan ya fitar da ProSpeed CSX mai allon kala, amma nauyi da tsada suka hana ta yaɗuwa. Sai a watan Oktoba na 1992 kamfanin IBM ya fito da ThinkPad 700C, baƙa wuluk, da ɗan jan maɓalli a tsakiyar madannai wanda ake tura shi da yatsa a maimakon linzami. Faɗin allonta inci 10.4, tana nuna launi 256, ƙwaƙwalwarta megabait 4, rumbun ajiyarta megabait 120, nauyinta ya haura kilo 3. A watan Fabrairu na 1993 Apple ma ya fitar da PowerBook 165c, ta farko mai kala a cikin jerin PowerBook. Toshiba da Compaq su ma ba a bar su a baya ba. Don ka gane girman abin da nake faɗa, hoto talatin ko arba'in na wayar da ke aljihunka sun isa su cika rumbun ThinkPad ɗin nan taf, ko wurin ajiye wasiƙa guda ba za a samu ba.

Kuɗin ThinkPad ɗin kuwa dalar Amurka 4,350. A canjin wancan lokaci ya haura sefa miliyan ɗaya, tun ba a biya kuɗin jirgi da na duwan ba. A lokacin mafi ƙarancin albashi a Nijar bai kai jika 20 a wata ba. Ke nan lebura zai yi fiye da shekara huɗu yana aiki, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya haɗa kuɗinta. Ka tuna kuma da halin da ƙasa take ciki. An kammala babban taron ƙasa a watan Nuwamba na 1991, baitulmali wayam, ma'aikata suna bin gwamnati bashin albashin watanni. Ana cikin haka, a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗin Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100. Mutane suka kwanta, suka wayi gari duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi. Saboda haka kwamfuta mai kala ta zama sai wane da wane: ma'aikatan ƙungiyoyin ƙasashen waje, shugabannin furoje, masu bincike na ORSTOM da na ICRISAT a Sadore, da ƴan kaɗan daga malaman jami'a da suka dawo daga karatu a Faransa ko Kanada.

In mai ita ya ɗora ta a kan tebur, ya zare maƙullanta ya ɗaga murfi, sai ofis ya yi tsit. Ta yi ƴar ƙara, ta ƙirga ƙwaƙwalwarta a kusurwar allo, faifan ciki ya yi ta ƙurƙur, can sai tutar Windows 3.1 ta bayyana da ja da kore da shuɗi da rawaya. Masinja ya ajiye butar shayi, sakatariya ta bar tafireta, direba ya leƙo ta taga. Wani ya miƙa yatsa zai taɓa allon, a daka masa tsawa. Mai kwamfuta kuwa ya gyara zaman hularsa, ya ƙara buɗe wani abu don a ƙara kallo. Da yawa daga masu ita, iyakar abin da suka samu a jikinta ke nan.

Nasihata ta farko: kafin ka tambayi kuɗin na'ura, ka tambayi kanka aikin da za ka yi da ita.

Allon kala na wancan zamani iri biyu ne. Mai sauƙin kuɗi, irin na PowerBook 165c, launinsa a wanke yake. In ka kauce gefe kaɗan hoton ya dushe, in ka ja linzami da sauri kibiyar ta ɓace ka yi ta lalube, har sai da Windows ya tanadi dabarar sa kibiya ta riƙa jan jela a bayanta don ido ya iya bin ta. Mai tsadar kuwa, wanda ake kira TFT, kowane ɗigo na allon yana da ƙananan makunnai uku nasa na kansa, na ja da na kore da na shuɗi. Allo mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye yana ɗauke da makunnai 921,600. In kaɗan daga ciki suka lalace a masana'anta, allon ya tashi aiki, shi ya sa kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo. Iri biyun duka suna buƙatar fitila mai ƙarfi a bayansu, ita kuwa fitilar batir take sha. Batirin 165c da ƙyar yake wuce awa ɗaya, alhali ƴan'uwanta masu allon fari da baƙi sun fi ta jimiri, sun kuma fi ta sauƙin karantawa a cikin hasken rana irin tamu.

To, su wa ke da buƙatar kala ta gaskiya? Je ka hayin kogi, cibiyar AGRHYMET da ƙungiyar CILSS ta kafa a 1974. Can ake karɓar hotunan tauraron ɗan'adam, a fitar da taswirar da ke nuna inda ciyawa ta tsiro da inda ƙasa ta bushe, inda ruwa ya sauka da inda fara za ta iya hayayyafa. A irin wannan taswira, bambancin kore da rawaya shi ne bambancin makiyayar da za ta riƙe garke da wadda dabbobi za su mutu a cikinta. Mai wannan aiki in ya sayi allon kala, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Sauran mutane fa? Wasiƙa suke bugawa da rahoto da lissafin kuɗi, su aika wa injin buga takarda wanda bai san wani launi ba sai baƙi. Ko aikin ceton rai bai jira kala ba. A 1996 sanƙarau ya mamaye ƙasashen Sahel, ya kama mutum kusan 250,000, ya kashe kusan 25,000. Ƙirga masu cuta gunduma-gunduma don a san inda za a fara kai allura aiki ne da manhajar Epi Info take yi, wadda ake rabawa kyauta, kuma tana gudana lafiya lau a kan tsohuwar kwamfuta mai allon toka. A ofisoshi da yawa kuwa, babban amfanin da aka ci na kala shi ne bambance jar karta da baƙa a wasan Solitaire.

Yau ma ban ga abin da ya sauya ba. Ɗalibin da aikinsa bai wuce rubuta memuwar da karanta littattafai ba, sai ka gan shi ya nace sai mai madannai masu walƙiya wadda aka ƙera don wasanni, ko siririya wadda aka like komai na cikinta, ba a ƙara mata ƙwaƙwalwa, ba a sauya mata batir cikin sauƙi. Daidai ruwa daidai tsaki, ɗana. In zanen gini kake yi ko haɗa fim ko taswira, sayi allo mai kyau, kada ka ji tsoron kuɗinsa. In rubutu ne da lissafi, nemi mai ƙwarin jiki, mai daɗin madannai, mai riƙe caji.

Ta biyu: kuɗin saye somin-taɓi ne. Mallakar na'ura tana farawa ne ranar da wani abu nata ya lalace. A wancan zamani kowane kamfani da irin cajarsa, da irin batirinsa, da irin faifansa. In caja ta ƙone a Yamai, sai a jira mai tafiya Abijan ko Faris, kwamfutar miliyan ta yi watanni a cikin durowa saboda wayar da ba ta kai tafin hannu ba. In allon ya tsage kuwa, an gama magana, domin kuɗin sabon allo ya kusa sayen wata kwamfutar. Yanzu masu gyara sun yi yawa, alhamdu lillahi, amma ƙa'idar tana nan. Kafin ka biya, ka zagaya wajen masu gyara ka tambaye su wace iri ce kayanta suke samuwa a gari. Amsarsu ta fi tallar mai shago amfani a gare ka.

Yawancinku ta hannu za ku saya, kuma babu abin kunya a ciki. Amma kada ka saya a tsaye. Zauna, ka kunna ta a gaban mai ita. Ka zare caja ka ga minti nawa za ta yi da ranta. Ka buɗe farin shafi fes ka duba ɗigon da ya mutu da inuwar da ta kwanta a gefe. Ka danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya, ka kuma duba ko madannan na tsarin Faransanci ne ko na Ingilishi, don ka san abin da hannunka zai saba da shi. Ka ɗaga murfin ka sauke, ka saurari gaɓoɓinsa. Ka shiga saitin farko na na'urar ka tabbata ba a kulle shi da kalmar sirrin wani ba, domin irin wannan kulli ba kowane mai gyara ke iya kwance shi ba. Ka sani kuma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba, kuma yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba sa karɓar Windows 11 ta hanyar da kamfanin ya amince. Irin waɗannan ba su mutu ba, Linux yana tafiyar da su sarai, amma kada a sayar maka da su a kuɗin sababbi. Ka karɓi rasit mai suna da lambar na'ura. Wanda ya tare ka a lungu da kwamfutar jika 300 ya ce ka kawo 80, hawayen wani yake sayar maka, kuma ranar da aka zo bincike kai za a tarar da ita a hannu. Bashi kuwa, kada ka ci shi don abin da darajarsa ke raguwa kowace safiya, sai in aikin da za ka yi da shi ne zai biya.

Ta uku: ka san ƙasar da kake. Masu ƙera waɗannan na'urori, jiya da yau, yawanci sukan rubuta cewa kada zafin wurin aiki ya wuce digiri 35. A Yamai kuwa, watan Afrilu da Mayu ma'auni yana haura 40 a inuwa. Tsofaffin allunan nan in rana ta buge su sai su yi baƙi, sai sun huce su dawo, wasu kuma ba sa dawowa. Kada ka bar kwamfuta a cikin mota a rufe. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma ko cinyarka da babbar riga, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Ɗan katako ko tire ya isa. Aiki mai nauyi ka bar shi sai da asuba ko bayan isha'i.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris hazo yana shiga ko'ina, a farkon damina kuma guguwa takan taso da jan bango na ƙasa kafin ruwa ya sauka. Je ka tsaya wurin mai gyara ranar da ya buɗe cikin kwamfutar da ta shekara biyu ba a share ta ba. Zai sa ɗan tsinke ya zaro wani dunƙule ja mai kauri daga bakin fanka, ya ɗaga maka shi ka gani, sannan ya hura sauran ya tashi ya cika shagon. Wannan dunƙulen shi ne dalilin da ta riƙa zafi tana mutuwa da kanta, mai ita yana zargin maita. Ka rufe ta da ƙyalle in ka gama, ka sa ta a jaka in za ka hau babur, ka kai ta a share mata ciki kowace shekara bayan hunturu. Shayi da kunu da ruwan leda kuwa, teburinsu daban.

Sai wuta. Tun shekarun 1970 Yamai take shan kaso mai yawa na lantarkinta daga Najeriya, daga madatsar Kainji ta layin Birnin Kebbi. Layi mai nisa haka ba ya rasa tangarɗa, kuma kai da kanka ka ga yadda gari ya kasance a watan Agusta na 2023 da aka yanke shi. A nan ne kwamfutar tafi-da-gidanka ta nuna fifikonta na gaskiya tun farko: in kuran ya ɗauke, mai babbar kwamfutar tebur ya yi salati, aikinsa ya tafi, mai ƙaramar kuwa batir ya ba shi damar adana abin da ya rubuta. Ɗaukewar wuta ba ta cika kashe na'ura ba, dawowarta da ƙarfi ita ce mugunyar. In an ɗauke, zare cajarka daga bango, in an dawo ka ɗan jinkirta. In hadari ya haɗu ana walƙiya, zare komai. Tsawa ta ƙone na'urori da yawa a wancan zamani ta hanyar wayar tarho da ake jona musu.

Akwai wata shawara da kuka gada daga wurinmu wadda yanzu cutarwa take yi. Batiran farko na nikel ne, ana so a bar su su ƙare sarai lokaci-lokaci kafin a sake cika su, in ba haka ba ƙarfinsu ya ragu. Na yanzu na litiyom ne, halinsu akasin haka. Ba sa son a tatse su har ƙasa, ba sa son zafi, ba sa son zama a cike maƙil kullum. In ka ga batir ya kumbura har yana ɗaga madannai, kashe ta nan take ka kai a cire shi, domin yana iya kamawa da wuta.

Ta huɗu ita ce uwar nasihohin, in ka manta sauran kada ka manta da ita. Kwamfuta gidan haya ce, ɗana. Komai kyanta wata rana za a tashe ka, kuma ba a ba da sanarwa. Mai hankali ba ya binne dukiyarsa a ɗakin haya.

A zamanin da nake ba ka labari, disket ne abin ajiya, ɗan faifai mai cin megabait 1.44. Zafi yana lanƙwasa shi, ƙura tana karce shi, maganaɗisun lasifika yana share shi. Ta jikinsa kuma ƙwayoyin cutar kwamfuta suke yawo daga ofis zuwa ofis. A 1992 duniya ta tsorata da wadda ake kira Michelangelo, mai tashi ranar 6 ga Maris ta lalata faifai, a 1995 kuma aka fara ganin masu ɓuya a cikin takardun Word. Ɗalibi ya shekara yana rubutu, ya zuba komai a disket guda, ya sa a aljihun gaba ya tako rana daga Harobanda ya haye gadar Kennedy zuwa wurin buga takarda, a zura faifan ya yi ƙara sau biyu ya ƙi buɗewa. Na ga manyan maza sun zauna a bakin titi sun dafe kai saboda wannan.

Akwai asarar da ta fi wannan ciwo, domin ta shafi harshenmu. Tun taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ake ƙoƙarin daidaita rubutun harsunanmu, kuma Hausa tana da haruffanta masu ƙugiya: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Kwamfutocin farkon shekarun 1990 ba su san da su ba. Tsarin Unicode da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ya riga ya fito a lokacin, amma manhajojin da ke hannun mutane ba su fara aiki da shi ba. Sai masu rubutun Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek suka koma ga dabara: a ƙera zubin haruffa na musamman, a cire wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a dasa ƙ ko ɗ a gurbinta. A kan kwamfutar mai rubutu komai ya fito tsaf. Ranar da aka kai takardar wata na'ura da ba ta da wannan zubi, duk inda ƙ take sai ka ga wata baƙuwar alama ko ɗan akwati fanko. Wannan ofis da zubinsa, wancan da nasa. Malamai sun zauna da tsofaffi sun ɗauki tatsuniyoyi da kirari da tarihin garuruwa, sun buga su da wahala, tsofaffin sun rasu, kwamfutar ta mutu, zubin haruffan ya ɓace. Abin da ya tsira shi ne wanda aka fitar a takarda, kamar littattafan da cibiyar INDRAP ta buga wa makarantu da waɗanda cibiyar CELHTO ta wallafa.

Ka kwatanta da wannan. A cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami kusan 4,000, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tarawa. Wasu sun yi ɗaruruwan shekaru. Duk wanda ya iya karatun zai buɗe su yau ya karanta, ba caja, ba kalmar sirri. Disket ɗin 1994 kuwa, ko yana da rai, sai ka zagaye Yamai kafin ka sami na'urar da za ta karɓe shi. Kamfanin Sony ma ya daina yin sa tun 2011.

Saboda haka duk aikin da ka san in ya ɓace za ka yi kuka, ka ajiye shi wuri uku: a cikin kwamfuta, a wani faifai ko kile da ba ya kwana a jaka ɗaya da ita, da kuma ma'ajiyar intanet ko akwatin imel ɗinka. Ka sa wa kanka rana, misali kowace Juma'a bayan an sauko. Ajiyar da ba ka taɓa buɗewa ka gwada ba, kada ka lissafa ta. Abin da ya kammala ka fitar da shi a takarda ka ɗinke. Ka ba kowane fayil suna mai ma'ana da kwanan wata. In za ka rubuta Hausa, ka sa madannai na Unicode ka rubuta ƙugiyoyinka daidai, yanzu ko a waya kyauta ne. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a Nijar, rubutu da ita zai ƙaru, kuma ku ne za ku yi shi. Kada ku maimaita asarar da aka yi a gabanmu. Kalmar sirrinka kuma ka rubuta ta ka damƙa wa amintacce guda a cikin ambulan rufaffe, domin rai ba a hannunka yake ba, kuma marayu da yawa sun gaji kwamfutar da ba su iya buɗewa.

Ta biyar: na'ura amana ce, tana kuma tona halin mai ita. In ta ofis ce, ta jama'a ce. Furoje nawa aka rufe a ƙasar nan, kwamfutar ta bi shugaba gida ko ta bi baƙo jirgi, ta tafi da ƙididdigar rijiyoyi da gonaki da yaran da aka yi wa allura, wanda ya gaje kujerar ya fara daga sifili? Wannan cin amana ne ko da babu wanda ya kai ƙara. In ka bar aiki, ka miƙa na'ura da abin da ke cikinta, ka nuna wa magajinka inda komai yake. In kai ne mai gyara, abin da ka gani a kwamfutar mutane ka bar shi inda ka gan shi. In kai ne mai kai gyara, kwashe sirrinka da na iyalinka tukuna.

Ka kula da lokacinka. Intanet ba ta iso ga jama'ar Yamai ba sai a rabi na biyu na shekarun 1990, ta layin tarho na SONITEL, kowane minti da kuɗinsa. Tsadar nan ta koya wa mutane tsari: ka rubuta wasiƙunka tukuna, ka jona, ka aika, ka karɓi naka, ka yanke. Yau babu mai yanke maka sai kanka. In ka buɗe allo ka san abin da ya kawo ka, in ka gama ka rufe. Kiran salla ya fi ƙarfin kowane aiki. In mahaifiyarka tana magana, sauke murfin ka dube ta. In baƙo ya yi sallama, kada ya gaisa da ƙeyarka. Kuma kada ka bari na'ura ta yi maka tunani. Kwafe aikin wani ka sa sunanka sata ce, ko daga littafi ka ɗauka, ko daga intanet, ko wata manhaja ce ta rubuta maka. Ranar da aka tsayar da kai a gaban malamai ko a gaban aiki, abin da ke cikin kanka kaɗai zai amsa. Sannan ka koyar. Masu kwamfutar farko da suka riƙa kulle ta suna hana yara matsowa, iliminsu ya tsufa tare da ita. Waɗanda suka zaunar da sakatarorinsu da ƙannensu suka nuna musu, su ne suka bar mutane a bayansu.

Ta ƙarshe: in ta mutu, ka san yadda za ka rabu da ita. Fitilar bayan tsofaffin allunan nan tana da zaiba, batiran nikel na farko suna da gubar kadmiyom, dalmar da aka like wayoyin ciki da ita ma guba ce. In ka jefa ta a bola, yara ne za su fasa ta, su ƙona robar don su ciri jan ƙarfe su kai kasuwar Katako, su shaƙi hayaƙin. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka rattaba hannu a Bamako kan hana shigo da shara mai guba nahiyar, bai kamata mu da hannunmu mu zuba wa ƴaƴanmu ita ba. Cire faifan ajiya ka goge shi ko ka fasa shi, sauran ka ba mai gyara ya ciri abin da zai yi amfani. Wadda kuma take da sauran rai, ka ba ɗalibin da ba shi da hali, ladan ya fi kuɗin da za a taya maka.

Wasu daga kamfanonin da suka yi waɗancan na'urori su kansu ba su dawwama a kasuwar ba. HP ya haɗiye Compaq a 2002, IBM ya sayar wa Lenovo na Sin sashen kwamfutocinsa a 2005, Toshiba ya fita daga harkar gaba ɗaya a 2020. Wadda kake taƙama da ita yau, nan da shekara goma ƙanenka zai yi mata dariya. Abin da za a tambaye ka shi ne me ka rubuta da ita, wa ka koya wa, wace amana ka riƙe.

Don haka kada ka kwanta yau sai ka kwafe aikinka ka ajiye shi wani wuri dabam. Gobe ka kira ƙanenka ko ƙanwarka ka nuna musu yadda ake yi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa abin da ke hannunku ya zama sanadin alheri gare ku da ƙasarku, ya yi muku albarka. Amin.